Idan tsohonka yana gidan kula da tsofaffi a Amurka, ɗaga bargo ka duba, ga kuma inda ake kai ƙara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san wasu za su ce ai mu ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi, gaskiya ne a gida ba ma kaiwa, amma duk wanda yake zaune a Bronx ko Harlem a birnin New York ya san yadda abin yake zuwa, ba wanda yake zama ya shirya shi, tsoho ne zai samu shanyewar ɓarin jiki a kwantar da shi asibiti, bayan 'yan kwanaki a zo maka da takarda a ce za a sallame shi zuwa inda za a dinga yi masa gashi da motsa jiki, ka zaɓi gida, ga ɗakinka a hawa na huɗu babu lifta, kai kana tuƙin tasi, matarka tana aikin dare, shikenan sai ka sa hannu. Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, ba ta wuce kwana 100 tana biya, daga nan sai a koma Medicaid, ta masu ƙaramin ƙarfi, abin da aka ce na ɗan lokaci ne sai ya zama zama.

Ni na yi shekaru ina aikin kula da tsofaffi a irin waɗannan gidaje, kuma duk da haka abin ya faru da kawuna a gaban idona, shi ya sa nake wannan rubutun. Duk Lahadi muna zuwa, mu same shi an sa masa riga mai tsabta an lulluɓe shi da bargo har ƙirji, mu gaishe shi, Kawu ya jiki, ya ce alhamdulillahi, mu ba shi kunu mu yi addu'a mu tafi. Akwai wani wari da nake ji a ɗakin, na san warin sarai daga wajen aikina, amma na ce a raina ko na maƙwabcin gadonsa ne, don ta yaya zan ɗaga bargon wan mahaifiyata. Ranar da zazzaɓi ya rufe shi aka kai shi asibiti, nas ta juya shi ta kira ni, wallahi a ƙasan bayansa wajen ƙashin gindi akwai rami da hannun yaro zai shiga, gefensa ya yi baƙi. Shi bai faɗa ba don kunya, mu ba mu duba ba don kunya, su kuma ba su kira mu ba.

Toh abu na farko kenan, kuma a kansa zan fi tsayawa. A samu wanda zai duba jikin tsoho da idonsa, namiji ya duba namiji mace ta duba mace, ka nemi izininsa cikin ladabi, Baba ka yi haƙuri zan duba bayanka ne saboda ciwon kwanciya, ko ka tsaya a wajen lokacin da ake canza masa famfas. Wuraren da gyambon kwanciya yake fara fitowa su ne inda ƙashi yake danne fata a kan katifa, ƙasan baya, kwatangwalo, dunduniya, idon sahu, kafaɗa, ƙeya, har bayan kunne idan yana da robar iskar numfashi. Cire masa safa, dunduniya tana ɓuya sosai.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Littattafan koyarwa suna cewa alamar farko ita ce fata ta yi ja, toh a fatarmu ba ta yin ja, sai dai wajen ya fi sauran jiki duhu ko ya yi kamar shuɗi-shuɗi ko ya dinga ƙyalli, idan ka taɓa ka ji ya fi zafi ko ya yi tauri ko ya yi laushi fiye da gefensa, ma'aikata da yawa idonsu bai saba da wannan ba, sai ya wuce su har fata ta fashe. Mataki huɗu ake lissafawa, na 1 fata ba ta fashe ba, na 2 ta yi bororo ko ta sale, na 3 rami ya kai kitse, na 4 ya kai tsoka ko ƙashi. Na 3 da na 4 ba a dare ɗaya suke zama haka ba tare da an ga alama ba, kuma ƙa'idar gwamnatin tarayya ta ce bai kamata mutum ya samu wannan gyambon a gidan ba sai dai idan yanayin ciwonsa ya nuna ba makawa, kuma gidan ne zai nuna ya yi duk abin da ya kamata, wato juya shi kusan duk awa 2, katifa mai iska, tsane jiki daga fitsari, abinci mai gina jiki. Ka tambayi nas kai tsaye, sau nawa ake juya shi, ina aka rubuta.

Bayan gyambo sai faɗuwa. Tsoho zai danna ƙararrawa yana jin fitsari, ba wanda ya zo, ya sake dannawa shiru, shi kuma mutum ne mai sallah ba ya son najasa a jikinsa, sai ya yunƙura da kansa ya faɗi a ƙofar bayi ƙugu ya karye, kuma karayar ƙugu a tsufa sau da yawa daga ita ba a sake tashi. Idan yana shan maganin tsinka jini irin warfarin ko Eliquis ya bugu a kai, kar ka yarda a ce muna lura da shi, jini yana iya zuba a cikin kai a hankali, ka ce a kai shi asibiti a ɗauki hoton kan. Doka ta ce duk hatsarin da ya jawo rauni mai buƙatar likita ko wani babban canji a lafiyarsa dole su sanar da wakilinsa nan take, idan ka zo ka tarar da kumburi a goshi ba wanda ya kira ka, wannan kansa laifi ne.

Ka lura da rama. Zobe ya fara juyawa a yatsa, haƙoran roba sun daina zama, leɓe ya bushe, fitsarin da ke cikin jaka ya yi duhu, tiren abinci an ɗauke shi kamar yadda aka kawo, kofin ruwa an ajiye shi a ɓangaren hannun da ya shanye. Su kansu gidajen a lissafinsu idan mutum ya rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa a wata ɗaya ko kashi 10 a wata shida abu ne babba da dole a bincika, don haka ka tambayi nauyinsa duk wata ka rubuta. Tsofaffinmu da yawa ba ciwo ne ya hana su ci ba, tsoron naman alade ne ko abincin ne bai karɓe su ba, kuma haƙƙinsu ne a yi la'akari da addininsu wajen abinci, ka sa a rubuta a fayil. Idan kuma an ce abincinsa sai mai kauri saboda ƙwarewa, dan Allah kar a kawo masa tsinkakken koko a ɓoye, yana iya shiga huhu.

Sai barci. Idan mutumin da ka sani yana hira yana jan carbi ka zo ka same shi kai a langaɓe miyau yana zuba da tsakar rana, ka nemi jerin magungunansa. Akwai magungunan taɓin hankali irin Seroquel da Haldol da ake ba masu ciwon mantuwa don su yi shiru, alhali hukumar magunguna ta FDA tun 2005 ta fara sa gargaɗi mafi girma a kan irinsu cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa. Dokar gyaran gidajen tsofaffi ta 1987 ta hana a ɗaure mutum ko a bugar da shi da magani don horo ko don ma'aikata su huta. Kuma kar ka ɗauka abin ba ya da yawa, a 2014 ofishin sufeto janar na ma'aikatar lafiya ya fitar da rahoto cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na masu Medicare da aka kai irin waɗannan gidaje bayan asibiti sun cutu a can, kuma kashi 59 cikin ɗari na cutarwar ana iya kauce mata.

Bari in faɗi wani abu a matsayina na wadda ta yi aikin, yawancin masu juya tsofaffin nan 'yan uwanmu ne 'yan Afirka da 'yan Karibiyan, kuma na taɓa kwana ni kaɗai da mutane fiye da yadda hannu biyu za su iya, kana ɗaki ɗaya ƙararrawa uku suna kuka, ba mugunta ba ce a mafi yawan lokaci, masu gidan ne suke rage ma'aikata. Kar ka huce a kan yarinyar da ke canza famfas, ita ce ma za ta raɗa maka gaskiya idan ka mutunta ta. Dole ne gidan ya manna yawan ma'aikatan kowace rana a inda kowa zai gani, kuma jihar New York tana da doka ta awa 3.5 na kulawa ga kowane mutum a rana, ka ɗauki hoton takardar musamman ranar Asabar da Lahadi. Ka kuma daina zuwa lokaci ɗaya, yau ka zo da asuba, jibi bayan isha, dangi na kusa suna da damar shiga kowane lokaci matuƙar shi tsohon yana so.

Yanzu ka ga wani abu, me za ka yi. Idan rai yana cikin haɗari, zazzaɓi da ruɗewa, gyambo yana wari, numfashi sama-sama, ka ce a kai shi asibiti, idan suna jan ƙafa ka kira lambar gaggawa 911 da kanka, a can kuma ka roƙi likita ya auna gyambon ya rubuta yadda aka kawo shi, wannan rubutun na asibiti shi ne shaidar da gidan ba zai iya taɓawa ba. Ka ɗauki hoto da wayarka da izinin tsohon, ka sa wani abu kusa da ciwon da zai nuna girmansa, kar ka tura hoton a guruf ɗin dangi, mutuncinsa ne, kar kuma ka ɗauki maƙwabcin gadonsa. Ka sayi ƙaramin littafi, rana, lokaci, me ka gani, da wa ka yi magana, me ya ce. Mu mun saba da maganar baki da yarda, a nan kuwa abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne, don haka bayan ka yi magana da shugabar nas-nas ko manajan gidan ka bi da imel ko da layi uku ne, yau na same shi a jiƙe ƙarfe 7, na gaya wa wance.

Ka nemi fayil ɗinsa a rubuce tun kafin su ji ƙamshin lauya. Shi ko wakilinsa na doka suna da haƙƙin ganin fayil cikin awa 24 ban da ƙarshen mako da ranakun hutu, kofi kuma bayan sanarwar kwana 2 na aiki. A nan ne mutanenmu suke tuntuɓe, kasancewarka babban ɗa ba kullum yake isa ba, sau da yawa sai da takarda, don haka tun tsoho yana cikin hankalinsa a cike takardar wakilcin lafiya da ta wakilcin dukiya, a zauna a matsayin dangi a zaɓi mutum ɗaya wanda yake kusa kuma yake jin Turanci ba lallai babba ba. Ka kuma nemi a kira taron tsarin kulawa, dole ne su yi tsarin farko cikin awa 48 da shigarsa, cikakken bincike cikin kwana 14, a kuma sake dubawa duk wata uku, kuma kana da kujera a wajen. Idan tsohon Hausa kawai yake ji ka ce a kawo tafinta, haƙƙinsa ne a yi masa bayani da yaren da yake ganewa.

Idan gidan bai gyara ba sai a fita waje. Kowace jiha tana da ofishin Ombudsman na masu kulawar dogon lokaci, kyauta ne, sirri ne, aikinsu su tsaya wa mazaunin gidan, lambarsu tana manne a bango, ko ka kira layin gwamnati na taimakon tsofaffi, Eldercare Locator, a 1-800-677-1116 su haɗa ka da na yankinka. Su Ombudsman ba sa cin tara amma shigowarsu kaɗai tana sa a miƙe. Masu haƙori su ne ma'aikatar lafiya ta jiha, su ne suke zuwa bincike ba sanarwa, su rubuta laifi su ci tara, kuma kana iya kai ƙorafi ba tare da an bayyana sunanka ba. Idan duka ne ko fyade ko sata 'yan sanda kai tsaye, gidan ma dole ya kai rahoton zargin cin zarafi ko mummunan rauni cikin awa 2. Ka shiga shafin Care Compare na Medicare ka ga taurarin gidan daga 1 zuwa 5 da rahoton binciken baya, idan an taɓa kama su da laifin gyambo lauya zai so ya sani.

Na san tsoron da ke ran kowa, kar in yi magana su wulaƙanta shi bayan na tafi ko su kore shi. Ramuwar gayya a kan mai ƙorafi haramun ce a doka, kuma ba sa iya sallamar mutum haka kawai, dalilan da aka yarda da su ƙididdigaggu ne, galibi sai da takardar sanarwa ta kwana 30, kana kuma da damar ɗaukaka ƙara. Wata dabara da ake yi ita ce a tura shi asibiti sannan a ce ba gado, wannan ma sallama ce, ka kira Ombudsman a ranar. A abin da na gani da idona tsohon da danginsa suke yawan zuwa suna tambaya shi ake fara juyawa.

Sai maganar kotu. Tun ranar shiga cikin tulin takardun da ake miƙo maka akwai wata da za ka nemi kalmar arbitration a kanta, ma'anarta ka yarda idan an cuce shi ba za ka je gaban alƙali ba sai wajen mai sasanci a bayan ƙofa. Kar ka sa hannu, tun 2019 ƙa'ida ta ce ba za su sa ta zama sharaɗin karɓar mutum ba, idan kuma ka riga ka sa kana da kwana 30 ka janye a rubuce. Ko sun wuce ka nuna wa lauya, wani lokaci wanda ya sa hannun ma ba shi da hurumin sawa.

Lauyoyin wannan fanni yawanci ba sa karɓar kuɗi a gaba, sai an ci suke ɗaukar kasonsu, sau da yawa wajen kashi ɗaya cikin uku, ganawar farko kuma kyauta, ka ga biyu ko uku, ka tambayi kowanne shari'ar gidan tsofaffi nawa ya taɓa yi ba ta hatsarin mota ba, da kuma wa zai biya kuɗin ƙwararrun likitoci idan ba a ci ba. Abin da za a tabbatar shi ne gidan ya gaza yin abin da ya kamata kuma gazawar ce ta jawo raunin. A New York akwai sashe na 2801-d na dokar lafiyar jama'a da ya ba mazaunin gida damar ƙara idan an tauye masa haƙƙi ya cutu, kuma a 2023 Kotun Ƙoli a shari'ar Talevski, wani tsoho mai ciwon mantuwa a Indiana da iyalinsa suka ce an bugar da shi da magani, ta ce ana iya ƙarar gidajen da gwamnati ta mallaka a kan haƙƙoƙin dokar 1987. Lokaci shi ne abin tsoro, kowace jiha da wa'adinta, a New York sakaci na gama-gari shekara 3, kuskuren likitanci shekara 2 da rabi, ƙarar mutuwa shekara 2 daga ranar rasuwa, idan kuma gidan na birni ne ko na gunduma sanarwar niyyar ƙara kwana 90 kacal. Ka sani kuma idan an samu diyya Medicare da Medicaid suna cire abin da suka kashe a kan raunin, sauran kuɗin yana iya taɓa cancantar Medicaid ɗinsa idan yana raye, ka sa lauya ya yi maka bayanin wannan kafin ka sa hannu a sulhu. Duk takardar da gidan ko kamfanin inshorarsa ya kawo da sunan ta'aziyya ko yafe bashi, kar ka taɓa biro sai lauya ya karanta.

Wasu dattawa za su ce ƙaddara ce a bar wa Allah, kwanansa ne ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya ajiye diyya a kan kisan kuskure a Suratun Nisa'i aya ta 92, ka tambayi malaminka, kuma gadon da aka ɗauke tsohonka daga kai kafin sati wani tsohon ne a kwance, da ma'aikata iri ɗaya.

Idan Allah ya yi masa rasuwa kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, mu muna gaggawar sutura kuma daidai ne, amma kafin wanka wanda zai shiga ɗin ya ɗauki hoton wajen ciwon kaɗai ya ɓoye shi, a karanta abin da aka rubuta a takardar mutuwa a matsayin sanadi, idan akwai faɗuwa ko gyambo da ba a ambata ba a gaya wa likita ko ofishin mai binciken gawa tun kafin a tafi maƙabarta, maganar a buɗe gawa ko kar a buɗe kuma a yanke ta tare da liman da lauya a waya ɗaya a ranar. Bayan kwana uku na zaman makoki mutum ɗaya ya je kotun gado, a New York Surrogate's Court ake ce mata, ya nemi takardar zama wakilin mamaci, don sai da ita za a shigar da ƙara, kuma da ita ake karɓar fayil ba gardama. Ya tafi wajen lauya da littafin nan, da hotunan, da takardun ranar shiga, da takardar sallama ta asibiti.